Masu zaman ko-ta-kwana a bayan gajimare

Tun 2011, lokacin da wani manazarci na kamfanin Forrester ya fara yayata kalmar NoOps, ake yi wa masu kamfanonin manhaja albishir iri ɗaya: ranar na nan tafe da za su huta da biyan albashin masu kula da kwamfutocinsu. Ka kama hayar gajimare, wato dubban kwamfutocin da irin su Amazon da Google da Microsoft suka jera a manyan rumbuna suna bayarwa haya ta intanet, ka rubuta manhajarka ka ɗora, sauran kuma na'ura ta ji da shi. Maganar ba ƙarya ba ce zalla. Na'urar tana da abin da take iyawa, kuma ba ƙarami ba ne.

Ɗauki manhajar biyan kuɗi, irin wadda ke amsa wa na'urar POS ta bakin kasuwa. Ba a kan kwamfuta ɗaya take zaune ba. Kwafinta goma ne ko ashirin, kowanne yana aiki a kan tasa kwamfutar. A gabansu akwai mai rarraba lodi, wata manhaja da ke karɓar kowace buƙata ta miƙa wa kwafin da aiki bai yi wa yawa ba. Duk bayan 'yan daƙiƙoƙi ana tambayar kowane kwafi ko yana lafiya. Wanda ya yi shiru sau uku a jere sai a daina aika masa aiki, a kashe shi, a tayar da sabo a madadinsa, ba tare da an tashi kowa daga barci ba. In ƙarshen wata ya yi, albashi ya shiga, jama'a suka yi ca a kan manhajar, adadin kwafin ya kan hau da kansa daga goma zuwa arba'in, da tsakar dare kuma ya sauko don kada a biya hayar banza. Kubernetes, wanda Google ta saki a 2014, wannan ne aikinsa dare da rana: ka gaya masa yadda kake so abubuwa su kasance, shi kuma ya yi ta auna abin da ka ce da abin da ke ƙasa yana daidaitawa. A da, kowane ɗayan waɗannan mutum ne ke yi da hannunsa, wani lokaci ma sai ya hau mota ya je inda kwamfutar take.

To amma a dawo kan "sau uku" ɗin nan. Wa ya ce uku? In aka ce sau ɗaya, ɗan tangarɗar layi na daƙiƙa biyu ya isa a hallaka kwafin da lafiyarsa ƙalau. In aka ce sau goma, mai POS zai tsaya yana kallon na'urarsa tana juyi, kwastoma na jira, alhali ana ta tura kuɗinsa wajen kwafin da ya riga ya mace. Ita kanta tambayar lafiyar da wane irin baki za a yi ta? In "kana raye?" kawai aka tambaya, kwafi zai iya amsawa da e alhali ya kasa kaiwa ga rumbun bayanai, inda ake ajiye lissafin kowa. In kuwa aka zurfafa aka ce sai ya nuna yana ganin rumbun, to ranar da rumbun ya ɗan yi tari, duka kwafin ashirin za su faɗi jarrabawa lokaci guda, na'ura ta bi su ta kashe gaba ɗaya da zuciya ɗaya. Akwai wanda ya zauna ya auna waɗannan biyu ya zaɓi tsakiya, kuma yakan dawo ya sake aunawa duk lokacin da manhajar ta canja. Shi ne mutumin da ake cewa za a sallama.

Yawancin aikinsa a yau rubutu ne. Da kayan aiki irin su Terraform yake zayyana komai a fayil: kwamfuta nawa, wace ƙofa ce a buɗe, wa ke da izinin shiga ina, rumbun bayanai mai wane girma. Kafin ya aiwatar sai ya ba da umarnin gwaji, na'ura ta lissafo masa abin da za ta yi in ya amince: za ta ƙara kaza, ta gyara kaza, ta rushe kaza. Idon gwani kan adadin rushewa yake fara sauka. Yana iya kasancewa sunan rumbun bayanai kawai ya gyara don ya fi kyan karantawa, amma a wajen na'ura tsohon suna ya ɓace daga fayil, sabo ya bayyana, saboda haka za ta share tsohon rumbun da duk abin da ke cikinsa ta gina fanko. Ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta ta karanta. Shi ya sa ba a aiwatar da irin wannan canji sai wani injiniya na biyu ya bi shi layi-layi ya sa hannu. Akwai masu duban da ke gangarawa ƙasa da sauri su danna amincewa don su koma hirarsu, kuma sukan yi watanni ba abin da ya faru. Mai duba na gaskiya yakan tsaya a layi ɗaya ya yi tambaya ɗaya, ran mai canjin ya ɗan sosu, a gyara a wuce, ba wanda zai taɓa sanin abin da aka kauce wa.

Sakin sabon fasalin manhaja ma da nasa tsarin. Ba a juye shi kan kowa a tashi ɗaya. Ana fara ba mutum ɗaya cikin ɗari, sauran casa'in da tara su ci gaba da tsohon, sannan a zuba ido kan allon sa ido. Injiniyoyin Google, a littafin da suka fitar a 2016 kan wannan sana'a, sun ce in abu huɗu kawai za ka iya dubawa, to ka duba tsawon lokacin da amsa ke ɗauka, da yawan buƙatun da ke shigowa, da yawan waɗanda ke dawowa da kuskure, da yadda kayan aikin suka kusa cika. A na farkon akwai wata dabara. Sabon shiga matsakaicin lokaci yake kallo, ya ga rabin daƙiƙa ya ce lafiya lau. Tsohon hannu kuwa wutsiyar yake dubawa, wato mutum ɗayan nan cikin ɗari da ya fi kowa jira, don mai yiwuwa shi daƙiƙa ashirin yake yi, kuma sau da yawa shi ne babban ɗan kasuwar da tarihin cinikinsa ya fi na kowa tsawo. In alƙaluman sabon fasali suka yi daidai da na tsoho, sai a ƙara zuwa kashi goma, zuwa rabi, zuwa kowa. In suka karkace, a janye.

Na'ura na iya yin wannan ƙari da janyewa da kanta, kuma wurare da yawa ita ke yi. Sai dai janyewar ma tana buƙatar sanin abin da ake janyewa. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya wayi gari da sabon fasali a kan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas. An manta ta takwas. A cikinta akwai wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi shekaru, sabon umarnin kuma ya tashe shi. Da aka buɗe kasuwa sai wannan kwamfuta ɗaya ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikatan, cikin ruɗewa, suka cire sabon fasalin daga guda bakwai masu lafiya, sai cutar ta game duka takwas. Cikin kusan minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Binciken hukuma ya nuna cewa tun kafin a buɗe kasuwa na'ura ta aika saƙonnin imel 97 da ke nuni da matsalar, amma ba a tsara su a matsayin ƙararrawa ba, ba wanda ya yi aiki da su.

Saita ƙararrawa kuwa ilimi ne mai zaman kansa, kuma a ganina nan ne ake gane gwani. Abu mafi sauƙi shi ne a sa wa komai ƙararrawa: injin ya ɗan yi zafi, waya ta yi ƙara, faifai ya kai rabi, waya ta yi ƙara. Cikin wata guda mai riƙe da wayar zai koyi kashe ta cikin barci bai buɗe ido ba. Gwani daga wajen mai amfani yake farowa. Ana zama da masu kamfani a yanke alkawari: a ce cikin kowace buƙata dubu, 999 za su yi nasara. Kashi 99.9 cikin ɗari ke nan, wanda in aka mayar da shi lokaci bai wuce minti 43 na ɗaukewa a wata ba. In aka ƙara tara ɗaya aka ce 99.99, ya koma minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, lokacin da bai ishi mutum ya farka ya buɗe kwamfuta ba, don haka a wannan mataki dole na'ura ce za ta fara kai ɗauki. Ɗan abin da ya rage tsakanin alkawarin da cikar ɗari shi ake kira kason kuskure. Muddin da saura, masu rubuta manhaja na da damar sakin sababbin abubuwa. In ya ƙare, a dakata a gyara gida. Ƙararrawar da ta cancanci tashin mutum da dare ita ce wadda ke cewa ana cinye wannan kaso da saurin da zai ƙarar da shi kafin gari ya waye. Sauran duk su jira safiya.

A ce yanzu ƙarfe biyu da rabi ne na dare, injiniyar da ke riƙe da wayar ko-ta-kwana a wannan mako tana barci a gidanta a Abuja. Ƙarar irin wannan kira ba ta jin maɓallin shiru. Abu na farko da za ta yi shi ne danna alamar ta karɓa, don in ta wuce 'yan mintoci kiran zai tsallaka kan na biye da ita. Abu na biyu, wanda ya fi wuyar koyo, shi ne kada ta taɓa komai tukuna. Tana buɗe allo ta yi tambayoyi uku a jere. Su wa abin ya shafa, kowa da kowa ko masu tura kuɗi zuwa banki ɗaya? Tun yaushe, a wane minti layin zanen ya karye? Me aka canja dab da wannan minti? Tambaya ta uku tana da nauyi, domin Google ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ɗaukewar da take gani daga canjin da aka yi wa tsari mai aiki yake fitowa. Sai ta duba jerin sakin da aka yi jiya, da gyare-gyaren saiti, da takardun shaidar tsaro masu ranar ƙarewa, waɗanda kan mutu da tsakar dare ba sallama.

A daren nan ba a canja komai ba. Abin da ta gani shi ne kwafin manhaja sun hau daga goma zuwa talatin da ƙarfe biyu na dare, lokacin da bai kamata a ce akwai cinkoso ba. Ta ɗauki lambar ciniki ɗaya da ya faɗi, ta bi sawunta a cikin kundin da kowane sashe ke rubuta abin da ya yi: ya shigo ƙarfe kaza, ya wuce tantancewa cikin ƙiftawar ido, ya kama layi zuwa rumbun bayanai, sannan ya tsaya daƙiƙa talatin yana jiran amsar wani banki da ke waje. Daga nan hoton ya fito. Bankin ne ke jan ƙafa. Kowane cinikin da ke jiransa yana riƙe da layi ɗaya na rumbun bayanai bai saki ba. Na'ura ta ga amsa na jinkiri, sai ta yi abin da aka koya mata, ta ƙara kwafi. Kowane sabon kwafi kuma da ya tashi yana buɗe layuka ashirin zuwa rumbun da iyakarsa ɗari biyar. Wayoyin jama'a da aka ce musu "a sake gwadawa" suna ta sake aikowa. Maganin da na'ura ke bayarwa shi ke ƙara ciwon, kuma ba za ta daina ba, don a lissafinta ƙarin kwafi alheri ne kullum.

Ba ta tsaya neman dalilin jan ƙafar bankin ba, wannan na safe ne. Ta fara ɗaure adadin kwafi kada ya ƙara hawa. Ta kira na gaba da ita.

"Oga, ka yi haƙuri na tashe ka. Banki ɗaya ne ya riƙe mana layukan rumbu. Ina so in yanke shi na ɗan lokaci, sauran su samu su wuce."

"Ba komai, Malama. Cinikin da ke tsakiya fa, waɗanda aka riga aka cire wa kuɗi?"

"Na ware su gefe, za a daidaita su in bankin ya dawo."

"To yanke. Ni zan sanar da masu amsa kiran kwastomomi, ke kada ki ɗaga kai daga allo."

Wannan rabon aiki ba hira ba ne, ƙa'ida ce. Mutum ɗaya ke jagoranci ya yanke hukunci, ɗaya ke taɓa na'ura, wani kuma ke magana da waje, don kada hannu biyu su gyara abu ɗaya ta fuskoki biyu. Duk abin da aka yi ana rubuta shi da mintinsa. Hukuncin da suka yanke kuwa ba na fasaha ba ne kawai. Sun zaɓi su hana abokan hulɗar banki ɗaya biyan kuɗi na minti ashirin don sauran su samu, kuma wani zai amsa tambaya a kan haka gobe. Da layukan suka saki, ba ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Ta dawo da bankin kaɗan-kaɗan, kashi biyar, kashi ashirin, tana kallon rumbun yana numfashi, don ta san buƙatun da suka taru a bakin ƙofa in suka afko tare za su sake kayar da shi.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni ne kawai ke ganin irin wannan. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, bayan la'asar agogon Najeriya, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, har mutane suka yi ta zargin layukan wayarsu. Bayanin kamfanin da ya mallake su shi ne an ba da wani umarni yayin gyaran yau da kullum, da nufin auna ƙarfin manyan layukan da ke haɗa rumbunansa, sai umarnin ya yanke su duka. Akwai manhajar da aka tanada don tare irin wannan umarni, amma tana da aibi, ta bar shi ya wuce. Sai wani tsarin kariya na biyu ya yi nasa aikin daidai yadda aka tsara: kwamfutocin da ke gaya wa duniya adireshin Facebook, da suka ga ba sa iya kaiwa ga rumbuna, suka ɗauka su ne marasa lafiya, suka janye kansu daga intanet. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa a kan wannan layin suke, sun tafi tare. Sai da aka tura mutane da ƙafafunsu zuwa rumbunan, inda tsaron da aka gina don hana ɓarayi ya jinkirta masu gidan. Da aka zo kunnawa ma sai da aka bi a hankali, domin wutar da kowane rumbu ke ja ta faɗi da gomman megawat, dawo da ita farat ɗaya na iya lalata wasu abubuwan. Kamfanin ya ce atisayen da suka saba yi, inda sukan kashe rumbu sukutum da gangan don gwaji, shi ya ba su ƙarfin gwiwar yadda za su dawo.

A Oktoba 2025 ma Amazon ta ga nata a yankinta na arewacin Bajiniya. Manhajoji masu sarrafa kansu da ke sabunta adireshin rumbun bayanai na DynamoDB suka yi karo: ɗaya ta makara ta ɗora tsohon tsari a kan sabo, ɗayar kuma ta zo shara ta goge tsohon, adireshi ya zama fanko. Tsarin ya kasa gyara kansa, sai da injiniyoyi suka sa hannu, bayan haka kuma kamfanin ya dakatar da wannan sarrafa kai a duk yankunansa har a gyara shi. Wanda ya kama hayar gajimare bai tsira daga irin wannan rana ba. Abin da ya rage masa shi ne ko yana da wanda ya riga ya yi tunanin inda za a karkata in yankin ya faɗi.

Akwai kuma aikin da ba ya da ƙararrawa ko kaɗan, shi ne gwada ajiya. Kowa na da kwafin ajiya na bayanansa, ko dai yana zaton yana da shi. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab da ya gaji da aikin dare ya share babban rumbun bayanai a zaton na biyu yake sharewa. Kafin ya tsayar, daga kusan gigabayit 300 saura ƙasa da biyar. Da aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ke da su, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wadda ke kwafa da kanta ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin fasali, saƙonnin da ke sanar da faɗuwar kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, bayanan awa shidan kuwa sun tafi. Duk wanda ya taɓa kula da janareta mai tashi da kansa a asibiti ya san wannan darasi: yana tashi in an ɗauke wuta, amma sai in akwai wanda ke duba batir da man dizal, yana tayar da shi lokaci-lokaci ko da akwai wuta. Haka gwanin kula da manhaja yake ware rana, ya ɗauko ajiyar jiya, ya gina rumbu daga gare ta a wani keɓantaccen wuri, ya ƙirga layuka ya ga sun cika, ya rubuta awa nawa abin ya ci. Maƙwabcinsa da ya ga koriyar alama a allo ya gamsu, yana tashi aiki da wuri.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Ingila, Lisanne Bainbridge, ta hango wannan tun 1983, tana magana a kan masana'antu da injinansu, kafin a san da gajimare. Ta lura cewa mai tsara na'ura yakan ba ta duk abin da ya iya tsarawa, ya bar wa mutum abin da ya gagare shi, wato mafi wuya. Sannan mutumin da aka mayar ɗan kallo hannunsa na yin sanyi, alhali ranar da za a neme shi ita ce ranar da ake buƙatar gwaninta fiye da kullum. Masu wannan sana'a sun ɗauki maganar da muhimmanci. Netflix ta ƙera wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wadda ke bin kwamfutocin kamfanin tana kashe wadda ta ga dama a lokutan aiki, ido na ganin ido, don a gano rauni ana farke ba ana barci ba. Google kuma, inda Ben Treynor ya kafa wannan salon aiki daga 2003, ta sa doka cewa aikin hannu mai maimaituwa kada ya ci fiye da rabin lokacin injiniya. Sauran rabin na rubuta manhajar da za ta karɓe masa wannan aikin ne. Ashe masu kula da tsarin su ne ke gina sarrafa kan da ake cewa zai kore su, kuma da gangan suke yi.

Don haka in aka tambaye ni, wanda na'ura ta maye gurbinsa shi ne wanda aikinsa duka kunna abin da ya mutu ne da kwafar fayil daga nan zuwa can, kuma wannan ya riga ya faru. Ƙaramin kamfani mai mutum biyar na iya ɗora manhajarsa kan irin su Lambda, wanda Amazon ta fito da shi a 2014, ya rayu ba tare da sashen kulawa na daban ba. Sai dai wayar ko-ta-kwana ba ta ɓace ba, ta koma aljihun wanda ya rubuta manhajar ne, da ita da lissafin kuɗin haya da maɓallan izini da ajiyar da ba a gwada ba. Sababbin mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira suna iya tace kundin rahoto cikin daƙiƙoƙi su ce ga inda suke zargi, wannan taimako ne na gaske da ƙarfe biyun dare. Amma su ma wani tsari ne da sai an yanke masa iyakar abin da zai taɓa, an kuma sa masa ido.

Mataki na ƙarshe bayan kowace ɗaukewa shi ne zaman bita, kuma sharaɗinsa ba a zo neman mai laifi ba, don wanda ke tsoron kora ba zai faɗi ainihin abin da ya danna ba. Ana shimfiɗa mintocin da aka rubuta a daren, a bi su ɗaya bayan ɗaya: me aka gani a nan, me ya sa wannan mataki ya yi kama da daidai a lokacin, me ya hana a gano da wuri. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon da ke bin rubutaccen tsarin aiki ya yi kuskuren shigar da abu ɗaya a umarnin cire 'yan kwamfutoci kaɗan daga ma'ajiyar S3, sai aka cire masu yawa. Sassa biyu masu muhimmanci suka buƙaci a tayar da su daga tushe, abin da aka yi shekaru ba a yi ba, kuma sun girma ƙwarai a tsakani, don haka tashin ya ci kusan awa huɗu, shafuka da manhajoji masu ɗimbin yawa suna kwance. Rahoton da kamfanin ya fitar bai ambaci sunan mutumin ba, kan kayan aikin ya tsaya, da yadda aka yi ya yarda a cire wannan adadi da wannan sauri. Aka gyara shi ya riƙa cirewa sannu a hankali, ya kuma ƙi duk umarnin da zai kai wani sashe ƙasa da abin da yake buƙata don ya tsaya da ƙafarsa. Aka gaggauta rarraba babban sashen zuwa ƙananan ɓangarori masu saurin tashi. Shafin da ke sanar da jama'a lafiyar ayyukan Amazon ma aka raba shi zuwa yankuna da yawa, domin a ranar shi kansa a kan S3 ya dogara, sai da kamfanin ya koma Twitter yana ba da sanarwa.